Ƙuri'a Shaida Ce, Shaida Kuwa Sai Da Sani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam, Ya rarraba su ƙabila ƙabila, Ya ba kowace al'umma harshen da za ta roƙe Shi da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin na wannan mako zai duba al'amarin wata takarda wadda talaka ba ya riƙe ta a hannunsa sai jifa jifa, amma kuwa da ita ake naɗa wanda zai shugabance shi har shekara huɗu, watau takardar ƙuri'a. Abin tambaya shi ne, da wane harshe ya kamata wannan takarda ta yi wa mai zaɓe magana, kuma mene ne hukuncin addini a kan wanda aka sa shi ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba?

A ɗauki misali da Ɗankaza, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano. Mutanen wannan yanki da Hausa suke ciniki, da ita suke ɗaurin aure da raɗin suna, da ita ake fassara musu huɗuba da tafsirin watan azumi. A cikinsu akwai dattawan da suka sauke Alƙur'ani tun suna yara, suna iya rubuta wasiƙa da ajami su aika ta har gabas. Amma ran da aka kafa rumfar zaɓe, takardar da za a miƙa musu kanta da Turanci yake, sunayen jam'iyyu an taƙaita su da baƙaƙen boko, takardar da za a rubuta sakamako ita ma da Turanci take. Malaman zaɓe kuwa da yawansu matasa ne masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda akan turo daga wasu jihohi, wani ma bai daɗe da fara jin Hausa ba. Abin da ya rage wa dattijo ya kama shi ne hoton alamar jam'iyya kawai.

Matsayin Harshe A Addini

Allah Ta'ala Ya bayyana a aya ta 22 ta Suratur Rum cewa saɓanin harsunan mutane da launin jikinsu yana daga cikin ayoyinSa, Ya kuma ambace shi tare da halittar sammai da ƙasa. Saboda haka wanda ya raina harshen wata al'umma, to, ya raina aya daga cikin ayoyin Ubangiji. A aya ta 4 ta Suratu Ibrahim kuma an sanar da cewa ba a taɓa aiko wani Manzo ba face da harshen mutanensa, domin ya yi musu bayani. Lalle a nan akwai abin lura ga masu mulki. Idan Mahalicci, wanda ba a tambayarSa game da abin da Ya aikata, bai ɗora wa bayi nauyi ba sai da Ya yi musu magana da harshen da suke ji, ina ga hukuma wadda bayi ne suka kafa ta, kuma da dukiyarsu take aiki?

Haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tafiyar da mulkin Madina. Ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa, Zaidu kuwa ya koya cikin kamar rabin wata. Abu Jamrata ya kasance yana yin tafinta tsakanin Abdullahi ɗan Abbas da mutane. Imamul Buhari ma ya keɓe babi guda a littafin hukunce-hukunce na Sahihinsa a kan tafintan mahukunta. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa alƙalin da ba ya jin harshen mai ƙara ko na mai shaida, sai ya nemi tafinta adali kafin ya yanke hukunci.

A ƙasar Hausa ma haka magabata suka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da zurfinsa a Larabci, da Fillanci da Hausa ya riƙa yi wa jama'a wa'azi. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa domin ilimi ya isa ga matan karkara. A 1979 aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. To, idan har ma'anar Maganar Allah an kawo ta cikin harshen manomi don ya gane, babu wata takardar hukuma da ta fi ƙarfin a fassara ta.

Abin Da Ƙuri'a Take Nufi

Malamai da dama na wannan zamani sun bayyana cewa jefa ƙuri'a ya ƙunshi shaida da wakilci da amana. Mai dangwala yatsa yana shaida ne cewa wannan ɗan takara ya fi cancanta, yana kuma wakilta shi a kan haƙƙinsa da na iyalinsa da na maƙwabtansa. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita, aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuwa ta hana mutum bin abin da ba shi da sani a kansa, ta kuma gargaɗe shi cewa za a tambayi ji da gani da zuciya. Shaidar zur tana cikin manyan zunuban da Manzon Allah ya tsawatar a kansu ƙwarai.

Neman ra'ayin jama'a wajen naɗa shugaba kuwa yana da asali. Bayan rasuwar Sayyidina Umaru, Abdurrahmani ɗan Aufu ya kwana uku yana tuntuɓar mutanen Madina kafin a yi wa Sayyidina Usmanu mubaya'a. Kowa da aka tambaya ya san abin da aka tambaye shi, ya kuma san tsakanin su wa ake zaɓi.

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san yadda ake ciniki a can. Ba mai biyan kuɗin sa sai ya zagaya shi, ya duba haƙoransa da ƙafafunsa, dillali ya shiga tsakani, an yi tayi, an yi albarka, har a kai ga sallamawa a gaban shaidu. In mai saye daga kudu ya zo, ba ya jin Hausa sosai, ko mai dabba Bafillace ne, ba a rasa wanda zai tsaya ya fassara, domin kowa ya san cinikin da ba a san abin da aka saya ba ɓatacce ne a shari'a. Abin mamaki ne a ce an kiyaye wannan ƙa'ida a kan sa guda, amma a yi sakaci da ita a kan shugabancin miliyoyin mutane.

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta yi umurni da a rubuta bashi, ta kuma ce wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shifta. In kuwa mai rauni ne ko ba ya iyawa, to, waliyyinsa ya yi masa bisa adalci. Manufar ita ce kada a ɗaure mutum da rubutun da bai san abin da ke cikinsa ba. Malaman usulu kuma suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Tun da shaida ba ta inganta sai da sani, sani kuwa ba ya samuwa sai da harshen da ake ji, ashe ke nan yi wa mai zaɓe bayani da harshensa haƙƙi ne a kan wanda ya shirya zaɓen.

Abin Da Tarihi Da Doka Suka Nuna

Tun farkon zaɓe a ƙasar nan aka san wannan matsala, aka kuma nemi maganinta da alamu. A zaɓen 1959 kowane ɗan takara akwatinsa daban, an manna masa alamar jam'iyyarsa: fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU. A 1979, lokacin da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, jam'iyyu 5 ne kawai, kowa ya san mabuɗi na PRP ne, gida da masara na NPN. A 1993 jam'iyyu 2 ne, doki da mikiya. Muddin alamu kaɗan ne, mai ido ba ya ɓata. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2019 'yan takara 73 aka jera a takarda guda, alamu ƙanana, wasu sun yi kama da juna, baƙaƙen sunayensu ma kusan iri ɗaya. A watan Fabrairu na 2020 Hukumar Zaɓe ta INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74, aka shiga zaɓen 2023 da 18.

Ta wajen doka kuwa, a zamanin Jihar Arewa da Hausa da Turanci ake muhawara a majalisar Kaduna. Tsarin Mulki na 1979 ya amince da Hausa da Ibo da Yarabanci a Majalisar Tarayya tare da Turanci, na 1999 ya maimaita haka a sashe na 55, da sharaɗin sai an yi tanadin da ya dace. Sashe na 97 ya ba majalisar kowace jiha ikon ƙara wani harshe da ake yi a jihar idan ta zartar da ƙuduri. Sashe na 36 kuma ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi dole a sanar da shi laifin da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Wannan adalci ne abin yabo. Sai dai mai hankali zai tambaya, yaya aka yi wanda ake zargi da satar akuya ya sami haƙƙin tafinta, amma mutumin kirki da ya bar gonarsa ya zo sauke nauyin ƙasa ba a rubuta masa irin wannan haƙƙi ba?

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita aka yi zaɓen 2023, ta yarda makaho ko mai wata naƙasa ya zo da wanda ya amince da shi ya taimake shi, ta kuma nemi a tanadi rubutun makafi da maganar hannu ta kurame. Ashe dai doka ta riga ta yarda cewa wanda ba ya iya karanta takarda yana da haƙƙin a sauƙaƙa masa. Saura kawai a faɗaɗa wannan rahama.

Wasu ƙasashe sun yi haka. A Amurka, a 1975 aka yi wa dokar 'yancin zaɓe ta 1965 gyara, aka wajabta buga takardun zaɓe da wasu harsuna ban da Turanci a yankunan da masu waɗannan harsuna suke da yawa. A maƙwabciya Nijar kuma, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki.

Ƙuri'un Da Suka Salwanta

Ga abin da lissafin Hukumar Zaɓe ya nuna a zaɓen shugaban ƙasa. A 2015 ƙuri'u 844,519 aka ƙi ƙirgawa don sun lalace. A 2019, shekarar doguwar takarda, suka kai 1,289,607. A 2023 kuwa 939,278 ne. Dalilan lalacewar ƙuri'a suna da yawa: wani ya dangwala a kan layin da ya raba gida biyu, wani ya dangwala sau biyu, wani ya ninke takarda tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gida, wani ma da gangan ya ɓata tasa. Amma mafi yawan irin waɗannan kurakurai bayani mai kyau yana maganinsu. Kowace ɗaya daga cikin ƙuri'un nan mutum ne ya tsaya a layi cikin rana, ya ba da shaida, ya koma gida yana zaton an karɓa.

Mutanen Kano ba su manta da abin da ya biyo bayan zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023 ba. An bayyana Abba Kabir Yusuf da ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna da 890,705. Ran 20 ga Satumba na wannan shekara kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan hukuncin a watan Nuwamba, sa'an nan Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ran 12 ga Janairu, 2024. Wannan fili ba ya goyon bayan kowane ɓangare. Darasin da ke ciki ya shafi kowa, domin kusan wata huɗu jiha guda tana cikin zulumi a kan abin da ke bayan takarda. Mutum nawa ne a Ɗankaza ko Darki ko Utai aka taɓa gaya musu da Hausa cewa su juya takardarsu su duba hatimi da sa hannun malamin zaɓe kafin su dangwala?

Amsar Masu Musu

Wani zai ce harsunan Nijeriya sun haura 500, ba a iya buga takarda da kowane ɗaya. Amsa ita ce, ba wanda ya nemi a jera su duka a takarda guda. Abin da ake nema shi ne kowane yanki a yi masa bayani da harshen da akasarin mutanensa suke ji. Da ma takardun zaɓen 'yan majalisa na kowace mazaɓa daban ake buga su. Abin da ba a iya samunsa duka, ba a barinsa duka.

Wani kuma zai ce ai rubutun da ke kan takardar ƙuri'a kaɗan ne, kuma hukuma tana faɗakarwa da Hausa a gidajen rediyo. Wannan gaskiya ne, kuma ƙoƙari ne da ya cancanci yabo. Amma sanarwar rediyo ba ta bin mutum cikin rumfa. A can ne ake bukatar allo mai bayani da Hausa, da malamin zaɓe mai jin harshen gari, da sakamakon da za a karanta a kuma manna yadda kowa zai gane.

Akwai kuma masu ganin ajami a matsayin abin addini da bai kamata ya hau takardar hukuma ba. Ajami rubutu ne kawai, Hausa ce aka rubuta da baƙaƙen Larabci. Abin da ke jikin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 adadin kuɗin ne da Hausa. A 2007 aka cire shi daga Naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma daga sabuwar Naira 100. Wanda ya iya ajami mai karatu ne, kiransa jahili zalunci ne.

Sai dai wajibi ne Bahaushe ya yi wa kansa hisabi a nan. Wanda ke kukan an danne harshensa, haramun ne a gare shi ya danne na wani. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta nuna cewa an yi ƙabilu ne don a san juna, fifiko kuwa da tsoron Allah yake. Bafillacen ruga yana da haƙƙin a yi masa bayani da Fillanci, haka Babarbare a Barno, da Banufe a Bida, da Bayarabe ko Ibo mazaunin Sabon Garin Kano, Musulmi ne ko Kirista. Imani ba ya cika sai mutum ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa.

Nauyin Da Ke Kan Kowa

Hukumomin zaɓe, na tarayya da na jiha, su ne na farko. Ya kamata kowace rumfa ta sami bayani rubutacce da harshen yankin, da boko da ajami inda ake karanta shi, kuma a tabbata a cikin malaman kowace rumfa akwai mai jin harshen gari. 'Yan majalisar da Wudil da sauran ƙananan hukumomi 43 na Kano suka tura Abuja, su ne ya dace su ɗauki wannan magana su kai ta inda ake yin doka.

Malamai da limamai su ne na biyu. Mumbari ba wurin tallar ɗan takara ba ne, amma wuri ne na koyar da yadda ake sauke amana. Malamin da ya koya wa jama'a farillan alwala da abubuwan da ke warware ta, ba zai gaza koya musu abin da ke ɓata ƙuri'a ba. Malamai mata na makarantun Islamiyya su ma su isar da wannan ga matan aure da tsofaffi.

Na uku su ne matasa masu ilimin boko da wakilan jam'iyyu. Idan tsohuwa ta tambayi yaro ina alamar da take so, ya nuna mata wata daban, to, ya sani ya ci amana, ya kuma mai da shaidarta ta zur, zunubin yana wuyansa. Manzon Allah ya barranta daga mai ha'inci. Haka nan wanda aka ɗauko ya taimaki makaho, asirin da ya gani amana ne, bai halatta ya tona ba.

Na ƙarshe shi ne mai zaɓe kansa. Tambaya ba ta zubar da girma, maganin rashin sani kuwa tambaya ce. Ya san alamar da zai dangwala tun daga gida, ya duba bayan takardarsa, ya dangwala a gida ɗaya, ya kula da tawada, ya kuma tsaya a ƙirga a gabansa. Bayan ranar zaɓe, ƙofar karatu a buɗe take ga babba da yaro. Fursunonin Badar waɗanda ba su da abin fansa, da koyar da 'ya'yan Madina rubutu suka fanshi kansu, wannan kuwa ya isa nuna darajar alƙalami a Musulunci.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba talakawa ikon riƙon amana, Ya haɗa kan al'ummar ƙasar nan duk da saɓanin harsunansu, Ya sa a gama lafiya. Amin. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.